Mai ƙaura ya yi sallama da littafin lanho kafin ya ɗaura kaya

Jawabin da sakataren reshen ƙungiyarmu ya yi wa makiyaya da 'yan kasuwar bisashe a taron bayan kaka, a garin Dakoro cikin jahar Maraɗi.



Ranku ya daɗe sarakunanmu. Iyayenmu hardo-hardo da garso-garso, dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwana makiyaya, dillalai da fataken bisashe, barkanku da zuwa. Ina gaida waɗanda suka kwana bisa hanya daga Bermo, da Gadabeji, da Sakkabal, da Kornaka. Allah ya ba kowa ladan tafiya.

Kun san ni ba babban malami ba ne, a aji shida na bar lakwal na koma bin shanu. Abin da zan faɗa muku yau na koye shi ne a bakin rijiya da bakin ƙofar biro, wajen raka 'yan'uwanmu neman takarda. Maganar ita ce ta mutumin da ya yanke shawarar ƙaura zuwa wata ƙasa da iyalinsa da dukiyarsa: me ya kamata ya yi da sunansa da ke rubuce cikin littafin hardo da na meri kafin ya tashi?

Abin da ya faru a gidanmu

Zan fara da gidanmu, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A shekara ta 1984, lokacin farin da ake kira El-Buhari, ina ɗan shekara biyar. Baffana, ƙanin mahaifina, ya ga shanunsa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya kora sauran ya yi kudu. Iyakar Najeriya a rufe take a wannan lokaci, ta daji suka bi. Bai yi wa hardo sallama ba, bai je wurin hukuma ba, domin a zuciyarsa damina ɗaya zai yi ya komo. Damina ɗaya ta zama goma. Daga baya muka ji labarin ya zauna a Kamaru, wajen Ngaundere.

To, katin iyalinmu ɗaya ne, da sunan mahaifina. Kowace shekara idan hardo ya zo karɓar lanho, sai mahaifina ya biya nasa, ya biya na baffa, da na matansa biyu, da na babban ɗansa. Kai huɗu na mutanen da ba su nan, alhali shi kansa awaki kaɗan suka rage masa. An sha ce masa ya je a goge su, sai ya ce goge sunan ɗan'uwa kamar binne shi ne da rai. Haka ya yi ta biya har aka zo ƙidaya aka gyara littafi.

Wannan ita ce ƙaramar asarar. Babbar ta zo ne bayan baffa ya rasu, da ƙaramin ɗansa, wanda aka haifa can, ya komo gida neman dangi. Ba shi da takardar haihuwa. Can ba a rubuta shi ba, nan ma ba a san da shi ba. A kowane shinge sai an sauke shi daga mota. Mun kusa shekara muna kai da kawo da shaidu kafin ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Rijiyar da ubansa ya gina ta koma hannun wasu. Gonar da ya ba maƙwabci aro da baki, shaidun duka sun rasu, 'ya'yan maƙwabcin suka ce gadon ubansu ce. Yaron nan bai samu ko taki ɗaya ba.

Babu wanda ya zalunci baffana ranar da ya tashi. Shi ne dai ya tafi bai rufe ƙofa ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tafiya iri uku ce

Kafin wani ya tashi daga nan ya ruga meri ya ce a goge shi, ku saurara da kyau. Tafiyarmu iri uku ce, kuma kowace da hukuncinta.

Ta farko ita ce tafiyar kiwo, wadda muka gada. Rani ya yi, a gangara kudu, damina ta faɗi, a hauro arewa. Ko ka tsallaka iyaka ka yi wata biyar ko shida, kai ba mai ƙaura ba ne. Kada ka taɓa sunanka. Ka bar shi inda yake, ka biya lanhonka, ka riƙe takardar shaidar biya.

Ta biyu ita ce tafiyar fatauci da ta cirani. Wanda ke kai shanu Jibiya, ko Illela, ko Mai'aduwa, ko Maigatari, ko ya wuce da su har Legas, da yaron da ya je aikin rani ya bar matarsa gida, su ma sunansu na nan daram. Gidansu nan ne.

Ta uku ita ce ƙaura: ka kwashe mata da yara da tsofaffi, ka kora garke duka, ka je ka kafa zama a wata ƙasa ba da niyyar komowa da damina ba. Wannan mutum shi nike magana a kansa yau.

Akwai kuma gidan da ya rabu biyu, rabi ya tafi, rabi ya zauna. Irin wannan gida sai a raba katin iyali. Waɗanda suka zauna su riƙe nasu da sunan babbansu, waɗanda suka tafi a fitar da su.

Mene ne wannan littafi?

Kowane ɗayanmu yana ƙarƙashin wani shugaba na gargajiya. Manomi yana da mai gari da sarkin kanto, makiyayi yana da hardo da sarkin gurupma. Kowane magidanci yana da katin iyali, inda aka rubuta sunansa da na duk waɗanda ke ƙarƙashinsa. Daga waɗannan katuna ne meri ke haɗa babban littafin masu biyan lanho. A ƙauyukanmu da rugagenmu an saba biyan dala 140, watau sefa 700, bisa kowane baligi a shekara.

Ku bambanta wannan da babbar ƙidayar jama'a ta ƙasa, irin wadda aka yi a 2012. Waccan ana ƙirga mutum ne inda aka tarar da shi, domin gwamnati ta san yawan jama'a. Ƙidayar meri kuwa ita ce ke cewa wane na wane ne, kuma nawa ake bin kowane hardo. Sau da yawa shekaru na wucewa ba a sake ta ba. Shi ya sa za ka tarar da matattu da waɗanda suka ƙaura suna nan cikin littafi, yaran da suka girma kuwa ba su ciki.

Hardo ba ya kai wa meri uzuri, kuɗi yake kaiwa daidai da yawan kawunan da aka rubuta masa. Idan kai ba ka nan, ɗan'uwanka za a kama, ko hardo ya cika daga aljihunsa, ko a rubuta masa bashi. Dala 140 ba wani abu ba ne a idon mai garke. Amma ku lissafa: gida mai baligi 8, cikin shekara 10, jika 56 kenan aka ɗora wa wanda bai ci ba bai sha ba. Zumunta da yawa ta lalace a kan abin da bai kai haka ba.

Littafin nan kuma ba na karɓa kaɗai ba ne. Idan shekara ta yi wuya aka kawo hatsi mai rahusa, ko dussa da gurya ta bisashe, da shi ake rabo. Idan za a gina rijiya ko aji, yawan jama'ar wuri ake dubawa. Saboda haka fitar da suna ba wasa ba ne. Wanda ya fita ya sani ya bar rabonsa, kuma ya rage wa rugarsu nauyi a idon hukuma. Mutum ya yi shawara da iyalinsa sosai, har da mata, domin su ne suka fi shan wahalar baƙunci.

Abin da za a yi kafin tashi

Na farko, ka je wurin hardonka da rana tsaka, tare da dattawa biyu. Ka gaya masa za ka ƙaura, ga ƙasar da ka nufa, ga sunayen waɗanda za su bi ka, ga waɗanda za su zauna.

Na biyu, ka biya lanhon shekarar da duk bashin baya, ka karɓi resi. Kada ka yarda da "na ji, je ka abinka". Baki yana mantuwa, mai bakin ma yana mutuwa.

Na uku, kai da hardo ko wakilinsa ku je meri da katin iyali. Tun 2004 da aka yi zaɓen farko na kananan hukumomi, meri ce ke riƙe da wannan aiki. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa aka naɗa kantomomi, amma biro na ƙidaya da na takardun haihuwa aikinsu bai tsaya ba. Ka nemi a fitar da sunayen masu tafiya daga littafi, a rubuta maka takarda mai kwanan wata da sa hannu da hatimi, wadda ke cewa daga wannan shekara ba a binka lanho a nan. Ka sa wani mai karatu da ka amince da shi ya karanta maka ita kafin ka bar wurin, ya duba ko an rubuta sunaye daidai da yadda suke a katin dantite.

Na huɗu, ka tattara takardun iyali tun kana kusa da shaidunka. Takardar haihuwa ta kowane mutum, har jariri. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai rahoton haihuwa. Wanda ya wuce wannan lokaci sai ya bi ta hannun alƙali da shaidu. A nan kana da hardo da ungozoma da maƙwabta da suka san ranar sunan ɗanka. A can wa zai tsaya maka? Bayan ta haihuwa sai takardar zama ɗan ƙasa, da katin dantite na duk baligi, mace da namiji, da takardar aure, da katin rigakafin yara. Yaron da ke lakwal a karɓo masa takarda daga darektansa mai nuna ajin da ya kai, don kada a mayar da shi aji ɗaya. Wanda ke shan magani kullum ya riƙe katinsa na likita.

Na biyar, kowace takarda a yi mata fotokofi. Ɗaya ta tafi da kai cikin leda, ɗaya ta zauna hannun amintacce a gida. Wanda ke da babbar waya ya ɗauki hotonsu. Kun san abin da gara da ruwan sama da gobarar daji ke yi wa takarda a ruga.

Ku 'yan kasuwa, akwai ƙari a kanku. Wanda ke biyan patanti ya je wurin masu karɓar haraji ya sanar da su ya daina sana'a a nan, in ba haka ba sunansa zai ci gaba da tara bashi. Dillali ya je wurin sarkin dillalai ya sauke nauyin da ke kansa, ya haɗa masu bashi da waɗanda ake bi ido da ido. Dillalin da ya tsaya wa baƙo a kan saniya, in ya tafi shiru kuma daga baya aka ce saniyar ta sata ce, ƙaninsa da ya bari a kasuwa ne zai kwana wurin jandarma.

Fita daga littafi ba fita daga ƙasa ba ne

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kamar yadda mahaifina ya ruɗe. Littafin lanho yana faɗin inda kake zaune ne da wanda ke karɓar harajinka. Zama ɗan Nijar kuwa ta jini ne. Ɗan da uba ko uwa 'yan Nijar suka haifa, ɗan Nijar ne ko a ina aka yanke masa cibiya, in dai akwai takardar da ta nuna haka. Ranar da ka komo, ƙofa a buɗe take, ka je wurin hardo da takardarka a sake rubuta ka.

Tun dokar watan Nuwamba na 2014, Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Amma ba kowace ƙasa ce ta yarda da haka ba. Kamaru, alal misali, dokarta ba ta yarda baligi ya haɗa biyu ba. Saboda haka kowa ya tambayi dokar inda zai sauka kafin ya nemi katinsu na ɗan ƙasa.

Rijiya, gona da mazauni

Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010, sun ce daji na kiwo da ke arewa da iyakar noma, wadda aka shata tun 1961, na ƙasa ne, ba mai mallakarsa shi kaɗai. Abin da doka ta ba makiyayi shi ne fifiko a mazauninsa na asali, watau wurin da jama'arsa suka saba zama mafi yawan shekara kuma suke komowa bayan tafiya. Wannan fifiko da zama ake riƙe shi. Idan gida duka ya tashi, ciyawa ba za ta jira ku ba, rijiya ma ba za a bar ta a rufe ba. Don haka wanda ke da rijiya ya faɗi a gaban hardo da hukumar filaye, wadda muke kira kofo, wane ne zai kula da ita, wane ne zai yi yasa, kuma a bisa wane sharaɗi. A rubuta.

Wanda ke da gona a ƙasar noma, shi ma ya je kofo ta ƙauye. Suna da takarda ta kowane irin ciniki: ta aro, ta haya, ta jingina, ta kyauta, ta sayarwa. Doka ta ce idan gona ta yi shekara 3 a jere ba a aikinta ba tare da dalili ba, kofo na iya ba wani ya noma, amma mallaka ba ta faɗuwa daga hannun mai ita. To, ta yaya jikanka zai nuna mallakar nan bayan shekara 30? Da takardar aro da ka yi yau. Da baffana ya yi ta, da ɗansa bai tsaya bakin gonar ubansa yana kallo ba.

Bashi da amana

Hukuma ba ta rubuta wannan ba, amma ya fi duk takardun nauyi. Wanda ke riƙe da saniyar habbanaye ya je wurin mai ita. In ta gama haihuwar da aka yi alkawari, ya mayar da ita. In ba ta gama ba, su daidaita: ko ta zauna, ko ta tafi da yardar mai ita a gaban shaidu. Wanda ke kiwon shanun amana na ɗan kasuwa ko na ma'aikaci, ya ƙirga masa su a gaban mutane, ya miƙa masa. Mun ga wanda ya tsallaka da shanun amana da kyakkyawar niyya, aka bi shi da sammaci a kan sata. Bashin bankin abincin bisashe, da na asusun mata, da na mai shago, duka a biya ko a naɗa wanda zai biya. Mutum ya bar suna mai kyau a baya, domin ba ka san ranar da za ka komo neman masauki ba.

Tsallaka iyaka da garke

Kada a tashi sai an ga ma'aikatan kiwo. A yi wa shanu rigakafin ciwon huhu, tumaki da awaki a yi musu nasu, a karɓi takardar tsallaka iyaka da bisashe. Ƙa'idar da ƙasashen CEDEAO suka tsayar a Abuja a 1998 ta ce takardar ta nuna yawan bisashe, da rigakafin da aka yi, da hanyar da za a bi, da ƙofar da za a fita, da inda aka nufa. Ta ce a tsallaka da rana, makiyayi ɗaya bisa kowane kai 50, kada su gaza mutum biyu, kuma kowane ya kai shekara 18.

Kun ji cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2024, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A wannan rana CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin dantite na 'yan ƙasashen uku, su shiga su zauna ba biza, har zuwa lokacin da za a sake shawara. Ku lura da wannan kalma: har zuwa lokacin da za a sake shawara. Abin da ya kasance haƙƙinmu a rubuce ya koma alfarma. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma mai cikakkun takardu shi zai fi samun sauƙi.

Takardar nan ta tafiyar kiwo ce, ta mai zuwa ya komo. Wanda zai fita da garke ba komowa ya gaya wa ma'aikatan kiwo da na duwan gaskiya tun a nan, su faɗa masa abin da ke kansa. Ku tuna a watan Mayu na 2025, gab da babbar salla, gwamnati ta dakatar da fitar da bisashe waje. Iyakar Najeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Benin ta sanar da hana shigar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019. Jihar Binuwai ta Najeriya ta hana kiwon sake tun 2017. Jahar Maraɗi da jihar Katsina sun sa hannu a kan yarjejeniyar tafiyar kiwo a 2017, amma kowa a nan ya san halin dajin da ke tsakani. Saboda haka a aika mutum ɗaya ya je ya gano wuri, ya ga mai ƙasa, ya komo da labari, kafin a ɗaga yara da tsofaffi.

Can inda ka sauka

Fitar da suna a nan rabin aiki ne. In ka fita daga littafinmu ba ka shiga wani ba, ka zama mutumin da babu shi a ko'ina, kuma irinsa ake fara kora. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, kakanninmu da yawa suka komo hannu rabbana. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi haka a Najeriya, aka sake yi a 1985. Mu ma a nan, a watan Oktoba na 2006, an sanar da korar Larabawan Mahamid na jahar Difa kafin a janye maganar. Duk inda aka yi irin wannan, tambayar farko ita ce: ina takardarka?

Don haka in ka sauka, ka fara gaida sarkin ƙasar da hardon wurin, ka nemi izinin zama a gaban shaidu. In an ba ka wurin kafa ruga a bisa wani sharaɗi, a rubuta shi. Sannan ka je ofishin jakadancin Nijar mafi kusa, akwai a Abuja, da Kano, da Akara, da Kwatano, da Njamena, ka yanki katin ɗan Nijar mazaunin waje. Da shi ne jakada zai san da kai ranar da wani abu ya same ka.

Bayan haka ka nemi takardar zama ta ƙasar. Yarjejeniyar 1979 kwana 90 ta ba baƙo ba biza, wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama. Gana tana da kati na musamman na baƙi mazauna. Kamaru da Cadi ba su cikin CEDEAO, nasu tsarin dabam ne, kuma baƙon da zai zauna Kamaru sai da katin zama. Kada ka sayi takardar jabu a hannun 'yan hanya, kada ka ari sunan wani ka ce can aka haife ka. Ranar da aka gano, ta gaskiyar ma ba za a yarda da ita ba.

Duk ɗan da aka haifa maka can, ka rubuta shi wurin hukumar garin cikin lokaci, ka kai takardar ofishin jakadanci su ma su shigar da shi. In sun ce a biya haraji, ka biya ka riƙe resi. Resin shekara goma a hannun makiyayi ya fi shaidar mutum goma ranar da aka ce jiya ya zo.

Roƙonmu

Ranku ya daɗe, ku iyayenmu sarakuna, mun san yawan jama'a shi ne darajar sarki, kuma mun san akwai kason da ake ba ku bisa abin da kuka tara. Amma sunan da babu mai shi nauyi ne a kanku da kan talakawanku. In ɗanku ya zo sallama, ku sa masa albarka, ku raka shi meri, kada ku riƙe katinsa don fushi.

Ga hukumomin meri, muna roƙon a riƙa sabunta ƙidaya a kai a kai, kuma a zo mana lokacin da muke taruwa, da damina a mashekari ko ranar kasuwa, ba da rani ba lokacin da ruga ta watse. Muna roƙon alƙalai su ƙara fitowa daji yin takardun haihuwa kamar yadda ake yi lokaci-lokaci.

Mu kuma a ƙungiya, ƙofarmu a buɗe take kowace ranar kasuwa. Wanda bai iya karatu ba ya zo mu karanta masa, mu raka shi biro, mu ajiye masa fotokofi. Ba mu karɓar ko dala a kan wannan.

'Yan'uwa, ba na ce kowa ya tashi ba, ba na kuma ce kowa ya zauna ba. Makiyayi ya fi kowa sanin abin da saniyarsa ke so. Abin da na ce shi ne, mai tafiyar kiwo ya bar sunansa a gida, mai ƙaura ya ɗauki nasa ya kai inda zai zauna, ya bar takarda a kan rijiya da gona. In kun koma ruga, ku gaya wa waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman samari masu shirin tafiya bana.

Inda na yi kuskure dattawa su gyara mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya.